Taurin Bashi

A kusan kowace unguwa a Kano, Zariya ko Katsina akwai wani shago da a da yake maƙare da kaya, yau kuwa kantocinsa sun yi fayau, sai 'yan ƙullin sukari da sabulu biyu ko uku. Idan aka tambayi maƙwabta abin da ya karya mai shagon, ba za a ji labarin gobara ko na ɓarayi ba. Za a nuna wani littafi da bangonsa ya yi baƙi saboda yawan juyi, cike da sunayen mutanen layin: wannan taliya da man gyaɗa, wancan kwanon shinkafa biyu, wani madara da burodi na wata uku. Yawancin masu sunayen suna nan da ransu da lafiyarsu. Sun dai sauya hanyar zuwa masallaci. Abin da ya fi ciwo shi ne sun koma sayayya kuɗi hannu a shagon bayan layi, don kada su haɗa ido da wanda ya rufa musu asiri. Ya rasa jarinsa, ya kuma rasa cinikinsu.

Wannan shi ne taurin bashi, wato mutum yana da halin biya, ko da kaɗan-kaɗan ne, amma ya ƙi. Dabam yake da gazawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Magidanta masu mutunci da yawa, waɗanda a da ba su san hanyar rance ba, sun tsunduma cikin bashi saboda abinci da kuɗin makaranta da na asibiti. Irin waɗannan Alƙur'ani da kansa ya umarci a saurara musu har su samu sauƙi, ya kuma sanya su cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka. Ba da su ake wannan magana ba.

Da wancan ake yi, wanda ranar da ya zo neman rance ya durƙusa har ƙasa, murya na rawa, yana cewa, “Alhaji, ka rufa mini asiri, albashi na shigowa zan kawo maka.” Albashi ya shigo, wani ma ya biyo bayansa. Aka kira wayarsa ba ya ɗauka, aka sake kira da wata lamba ya ɗauka, yana jin murya ya ce babu sabis. Aka je gida ya turo yaro ya ce ba ya nan, ya koya wa ɗan cikinsa ƙarya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A makon nan kuma aka gan shi da sabuwar shadda a wajen ɗaurin aure, matarsa ta yi anko, an sauya waya, ana zancen ƙarin aure ko tafiya Umara. Ranar da mai kuɗi ya gaji ya tare shi a hanya, sai ya harzuƙa: “Don ɗan wannan kuɗin kake neman tozarta ni? Gudu zan yi?” Daga nan sai al'amari ya juye. Mai haƙƙi ya koma shi ne mai lallashi, shi ne mai jin kunya, shi ake yi wa kallon marar tausayi a unguwa.

Masu wannan hali suna da karin maganar da suke fakewa a bayanta. Da an matsa sai a ji sun ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Maganar gaskiya ce, kuma magabata sun yi ta ne don lallashin wanda bashi ya hana barci, da kuma jan kunnen mai gori, domin attajirin da ke Kantin Kwari shi ma akwai masu binsa, gwamnati ma ana binta. Amma wanda ya ɗauko hanji ya kafa hujja da shi, ya kamata ya bi maganar har ƙarshenta. Lafiyar hanji ita ce abin da ya shiga ya samu hanyar fita. Hanjin da yake karɓa ba ya saki ya ƙulle ke nan, mai shi kuwa ɗakin tiyata ake nufa da shi cikin gaggawa, idan aka yi jinkiri a rasa shi. Karin maganar ta halatta a ci bashi ba tare da jin ƙasƙanci ba, amma babu inda ta ce a riƙe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi da sunan zalunci, kuma wadata a nan ba sai mutum ya mallaki gidan sama ba. Duk wanda yake da abin da ya wuce buƙatarsa ta dole, alhali wani na binsa, ya shiga ciki.

Ɓarnar ba ta tsayawa a kan mutum biyu. Kasuwancin ƙasar Hausa a kan amana ya ginu tun zamanin fatake. Har yau a Kwari da Singa da Dawanau ɗan kasuwa na zuwa daga Maraɗi ko Hadeja ya ɗauki kaya na maƙudan kuɗi, ya sayar ya dawo ya biya ya sake ɗauka, ba takardar banki ba jingina. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwar yau da irin wannan lamunin suka tashi. Idan mutum ɗaya ya ci amanar, maigida sai ya rantse ya daina bayarwa, yaran kirki goma da ke jiran irin damar su rasa. Haka abin yake a adashin mata. Wadda ta yi ɗaukar farko ta daina zubi, uwar adashi ta shiga uku, mai jiran ɗaukar ƙarshe don kayan ɗakin 'yarta ta tashi a tutar babu, shekara mai zuwa kuma babu mai yarda a sake haɗa wani.

An ga irin wannan a babban mataki. A Nuwambar 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, Babban Bankin Nijeriya ya zuba fiye da naira tiriliyan 1 a cikinsa. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka mayar, Babban Bankin ya musanta ya ce an biya kimanin kashi 52. Ko da an ɗauki lissafin bankin, kusan rabi bai dawo ba. Gaskiya ne ambaliya ta cinye gonaki, 'yan bindiga sun kori wasu manoman daga ƙauyukansu, an kuma cusa sunayen waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Amma kowa ya ji masu cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne muka karɓa. Haka aka yi da rancen korona na 2020 da aka raba ta bankin NIRSAL. Da aka fara aiki da tsarin GSI, wanda tun Agustan 2020 ya ba bankuna damar cire kuɗi daga kowane asusun da ke haɗe da lambar BVN ta wanda ya ƙi biya, sai kuka ya tashi. A ƙarshen 2023 kuma Babban Bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Manomin gaskiya da bai ci ko kwabo ba shi ya tarar da ƙofa a rufe.

Idan ƙofar maƙwabci ta rufe, ta ɗan'uwa ta rufe, mabuƙaci sai ya faɗa hannun manhajojin ba da rance na waya, masu kuɗin ruwa mai kisa da wa'adin mako ɗaya ko biyu. Wasunsu sukan kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris na 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane daga 2023. Wannan cin zarafi abin ƙyama ne. Sai dai masu taurin bashi suna da kamasho a cikinsa, domin su suka kashe rancen mutunci da ake yi don Allah.

Tarihin Musulunci ya adana misalin yadda ake fuskantar bashi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu ɗan Awwam ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida masa yana jin ba zai wuce ranar ba, kuma babbar damuwarsa ita ce bashin da ke kansa. Asalin bashin ma abin lura ne. Mutane kan kawo masa ajiya, shi kuma ya ce a mayar da ita rance, domin idan ta salwanta ya zama wajibi a kansa ya biya. Da ya rasu Abdullahi ya zauna ya yi lissafi, ya tarar da miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani, ga shi mahaifinsa bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje. Ya sa ɗaya daga cikin filayen, mai suna Gaba, a kasuwa. Abdullahi ɗan Ja'afar, wanda yake bin dubu 400, ya yi tayin yafewa ko jinkirtawa, ɗan Zubairu ya ƙi, ya yanka masa wani sashe na filin. Bayan an biya duk waɗanda aka sani magada suka nemi a raba gado, ya ce sai ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Sai da ya cika shekara huɗun sannan ya raba.

Ɗan Zubairu bai jira a zo a same shi ba, shi ya fita neman masu haƙƙi. Daga nan gyara yake farawa ga duk wanda bashi ya dabaibaye a yau. Ya samu takarda ya rubuta kowa da abin da yake binsa, har da na mai shayi da na tela, domin mafi yawan masu bashi tsoron haɗa jimillar suke yi, suna kwana da fargabar adadin da ba su sani ba. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sannan ya taka da ƙafarsa tun kafin wa'adi ya cika, ya ce, “Baba, ranar da na yi maka alkawari ta kusa, kuma ba zan iya cikawa ba. Ga dubu 10, in Allah ya yarda kowane ƙarshen wata zan kawo irinta.” Wanda ake bi dubu 200 ya gama ke nan cikin wata 20. Kaɗan ne masu bin bashin da za su kori irin wannan mutum, domin abin da ke ƙona musu rai shi ne rainin hankali, fiye da jinkirin kansa. Amma kada ya yanka wa kansa abin da ba zai iya ba don a rabu lafiya, saɓa alkawari na biyu ya fi na farko zafi.

Wajen biyan ma akwai wanda ya kamata a gabatar. Leburan da ya yi aiki ba a sallame shi ba, da bazawarar da ke sayar da ƙosai da jarin dubu 15, ba daidai suke da attajirin da zai iya jira ba. Bashin da ke haihuwa kullum saboda kuɗin ruwa shi ma a gaggauta kashe shi, kada kuma a ciwo sabon rance don toshe tsoho, domin ta nan ne ƙaramin bashi ke zama mai cin gida. Abin da za a iya sayarwa a sayar, ko fili ne ko babur na biyu ko wayar da ta fi ƙarfin mai ita. Kowane biya a rubuta shi a gaban shaida. Neman ragi kuma ba abin kunya ba ne. Lokacin da Ka'abu ɗan Malik ya matsa wa Ibnu Abi Hadrad a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya yarda, nan take kuma ya umarci wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Ragin da biyan tare suka zo.

Masu bin bashi su ma akwai iyakar da bai kamata su ƙetare ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da bai wuce na bashi ko yarjejeniya ba. Akwai dattawan unguwa da shugabannin kasuwa da Hisba masu yin sulhu, akwai kotunan shari'a, a Kano kuma tun 2019 akwai kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi.

Kullum a wajen jana'iza ana jin wani daga dangi ya miƙe yana cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same shi. Sau nawa ake cika wannan magana bayan an share makoki? Sau da yawa magada na can suna rigima a kan gida, mai haƙƙi kuwa kunya ta hana shi buɗe baki, alhali shari'a ta gabatar da biyan bashi a kan rabon gado. An taɓa kawo gawar wani mutum da ake bi dinari uku, Annabi ya ƙi yi masa salla da kansa har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma tabbata cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai ban da bashi. Dinari uku ne fa! To ina ga mai riƙe da dubban ɗaruruwan mutane yana yawon biki da su?

Don haka mai hali ya biya a wannan makon da hannunsa, kada ya bar wa 'ya'yan da bai san abin da za su yi a bayansa ba. Wanda ba shi da hali ya kunna wayarsa, ya je ya faɗa da bakinsa, ya rubuta abin da ake binsa, ya kuma nuna wa iyalinsa inda ya ajiye takardar.