Laifin Wa Ne Idan Ƙarfe Ya Gaji?

Ranar 19 ga Disamba 2005, wani ƙaramin jirgin fasinja na kamfanin Chalk's ya tashi daga Miami ta Amurka zuwa tsibirin Bimini. Bai yi nisa ba fiffikensa na dama ya ɓalle, mutum 20 da ke ciki duk suka rasu.

Ƙarfe ma yana gajiya. Kowane tashi da sauka yana lanƙwasa fiffike kaɗan, har siririyar tsaga ta bayyana, ta riƙa tsawo a ɓoye. Bincike ya nuna mai ya daɗe yana yoyo a wurin, ana ta liƙe yoyon ba a bi diddigin tsagar ba.

To, laifin wa ne? Ba wanda ya yi niyyar kisa. Kowa ya liƙe na ranarsa, jirgi ya dawo lafiya, sai dawowar ta zama hujja. A ganina amanar mai duba jirgi ta wuce sa hannu a takarda. Tana cikin tambayar da maigida ba ya son ji: me ya sa yoyon nan ke dawowa? Wanda ya daina yin ta yana da kaso a alhakin, ko da yana gida ranar da fiffiken ya ɓalle.