Wanda Ya Sayi Waya, Shin Ya Mallaki Gyaranta?

 

Ya ƴan'uwa, mas'alar da muke son mu duba a wannan fitowa tana cikin aljihun kusan kowane ɗayanmu, har ma takan yi ƙara a tsakiyar sahu idan mai ita ya manta bai kashe ta ba. Mutum ya tara kuɗinsa na halal ya sayi wayar salula, ya biya, an miƙa masa. Ranar da ta lalace, shin yana da haƙƙin ya buɗe ta ya gyara, ko ya kai wa wanda ya amince da shi, ko kuwa wanda ya ƙera ta yana da ikon ya ce ba mai taɓa ta sai da izninsa?

Manya daga cikinmu suna tune da lokacin da salula ta shigo Nijar, sa'ad da kamfanin Celtel ya fara aiki a shekara ta 2001. Wayoyin wancan zamani da farce ake ɓalle marfinsu, idan batir ya mutu sai mutum ya shiga Babbar Kasuwar Yamai ya sayi wani ya sa da hannunsa. A yau kuwa waya ta zama shago da akwatin wasiƙa da ma'ajiyar kuɗi gaba ɗaya. Da ita ɗan ci-rani ke aiko wa iyalinsa cefane ta Nita ko Amana, da ita ɗan kasuwar hatsi ke jin farashin gero a Maraɗi kafin ya ɗora kaya, da ita ɗalibi ke sauraren karatun malaminsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne tun daga 2024, alhali waya mai matsakaiciyar daraja takan cinye wannan duka ko fiye. Mai irin wannan samu idan gilashin wayarsa ya fashe, ba ya da zancen sayen sabuwa, wajen mai gyara zai nufa.

To, mene ne ya canja? Da farko dai an daina sa marfi mai ɓallewa, aka koma liƙe waya da gam har sai an gasa ta kafin ta buɗu, batir ɗin ma a liƙe yake a ciki. Kamfanin Apple tun wajen 2011 ya riƙa sa ƙusoshi masu wani irin kai wanda sukurudireban kasuwa ba ya kamawa. Wannan duka mai sauƙi ne, domin makerin da ya iya yin makulli, wani makeri zai iya yin mabuɗinsa, kuma an yi. Abin da ya fi wuya shi ne kullen da ba a gani da ido. A wasu wayoyi ana ba kowane ɓangare, kamar gilashi ko batir ko kyamara, lamba tasa, sa'annan a rubuta lambar a cikin ƙwaƙwalwar wayar. Idan mai gyara ya sa wani ɓangare, ko da na asali ne da ya ciro daga wata waya irinta, sai manhajar wayar ta duba ta ga lamba ba ta dace ba, ta fara nuna gargaɗi ko ta kashe wani aiki. A 2016 masu iPhone 6 da yawa waɗanda suka canja maɓallin gaba a wajen masu gyara na kasuwa sun wayi gari wayoyinsu sun mutu murus bayan sabunta manhaja. A 2021 kuma aka gano cewa canja gilashin iPhone 13 a wajen kamfani yana kashe aikin buɗe waya da fuska, sai da aka yi ca a kansu suka janye.

A nan ne ya kamata mu koma ga ma'anar ciniki kamar yadda malaman fiƙihu suka yi bayani. Saye da sayarwa yana fitar da abu daga mallakar mai sayarwa ya shigar da shi mallakar mai saye, da amfaninsa da hasararsa. Wanda ya sayi riga yana iya yi mata faci, wanda ya sayi jaki yana iya kai shi ga mai maganin dabbobin da ya ga dama. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun ce sharaɗin da ya ci karo da manufar ciniki, irin a sayar wa mutum abu bisa sharaɗin kada ya sayar da shi ko kada ya kyautar, yana ɓata cinikin muddin mai sharaɗin ya tsaya a kansa. Dalilinsu shi ne an ba mutum mallaka da hannun dama an karɓe da na hagu. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne, amma a ganinmu hana mutum gyara abinsa ɗan'uwan wancan sharaɗi ne, har ma ya fi shi muni ta wata fuska, domin wancan ana faɗarsa a gaban shaidu, wannan kuwa an binne shi a cikin na'ura, mai saye ba ya saninsa sai ranar da ya buƙaci gyara.

Idan aka ce: ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, ba wanda ya tilasta masa ya sayi wannan waya, sai mu ce: rariya ramukanta a fili suke. A ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya amsa da bakinsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyi ta hanyar sabunta manhaja, ya ce ya yi haka ne don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya idan batir ya tsufa. Ko da mun karɓi wannan uzuri, mutane nawa ne suka ga wayarsu ta yi nauyi suka zaci ta ƙare, suka sayi sabuwa, alhali canjin batir kaɗai take buƙata? Hukumomin Italiya sun ci tarar Apple yuro miliyan 10 da Samsung yuro miliyan 5 a 2018 kan irin wannan lamari, Faransa ma ta ci tarar Apple yuro miliyan 25 a 2020 saboda rashin sanar da masu saye. Ɓoye abin da da mai saye ya san shi da ya canja shawara, shi ne abin da malamai ke kira tadlisi, kuma sun ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da kaya.

Kamfanoni suna da wata amsa. Sukan ce ƙarfe da gilashi ne suka sayar, manhajar da ke ciki kuwa izni kawai suka bayar a yi amfani da ita, tana nan a mallakarsu. To, ba mu musun haƙƙin mai fasaha a kan fasaharsa. Sai dai waya ba manhaja dutse ce, kuma mai saye da ya ƙirga kuɗinsa waya mai aiki ya nufa. Idan rabin abin saye ne rabi aro, kuma rabin aron shi ke mulkin rabin da aka saya, to mutum ya biya kuɗin mallaka ya tashi da kayan aro, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara.

Adalci ne kuma mu faɗi inda suke da gaskiya. Batir na zamani idan aka huda shi ko aka sa marar kyau yakan kama da wuta (ko da yake wayoyin Galaxy Note 7 da Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 saboda gobara, batir ɗin kamfani ne a cikinsu, ba mai gyara da ya taɓa su). Kullen da ke hana a yi amfani da waya sai da lambar sirrin mai ita ya rage wa ɓarayi kasuwa. Kuma kayan jabu sun cika ko'ina. Maganin waɗannan duka shi ne a sayar wa masu gyara kaya na asali a farashin da ya dace, a ba su bayanin yadda ake aikin, a kuma bar wa mai waya ya zaɓa da saninsa.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya da doka. A ranar 1 ga Janairu 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa waya maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta. Jihar New York ta Amurka ta yi dokar haƙƙin gyara a 2022, jihar Oregon kuma a 2024 ta hana a yi amfani da lambobin nan da muka ambata don toshe gyara. Tarayyar Turai daga 20 ga Yuni 2025 ta ɗora wa masu ƙera waya su ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5. Amma ya ƴan'uwa, waɗannan dokoki an yi su ne don masu saye a can, ba wanda zai tsaya a bakin Babbar Kasuwa ya nemi haƙƙinsa da su. Gaskiya ne mafi yawan wayoyin da ke hannunmu Tecno ne da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda gyaransu ya fi sauƙi kuma kayansu ba su da wuyar samu. Sai dai wayoyin hannu daga Turai da Dubai suna ta shigowa da kullensu, kuma abin da babban kamfani ya fara ƙanana sukan bi, kamar yadda batir liƙaƙƙe ya game mafi yawan wayoyin zamani.

Mutanen Yamai ba su buƙatar a koya musu darajar gyara. Wanda ya ratsa kasuwar Katako ya ga yadda ake narka tsohon gwangwani a fitar da tukunya ya san haka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sharar kayan lantarki da duniya ta zubar a 2022 ta kai tan miliyan 62, wadda ba a sake sarrafa ko kashi ɗaya cikin huɗu nata ta hanyar da aka sani ba. Jefar da waya saboda batir kawai almubazzaranci ne, ko mai wayar ne ya zaɓa ko kamfani ne ya tura shi.

Saboda haka a garinmu wannan haƙƙi ba ya rubuce a takarda, yana hannun saurayin nan da ke zaune a ƙarƙashin rumfa da fitila da dalma da madubin ƙara girma, wanda ya koyi aikin a gaban ubangidansa, yana kuma sayo kaya daga Kano ko Legas ko Dubai. Shi ne ya sa talaka ke iya riƙe waya ɗaya shekara biyar. Don haka nauyin da ke kansa babba ne, kuma shari'a ba ta bar shi sakaka ba. A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin masu sana'a shi ne suna lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi. Malamai sun ce hikimar ita ce jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga maɗinki da makeri da marini, idan aka ce duk abin da ya salwanta a hannunsu maganarsu kawai za a karɓa, dukiyar mutane za ta tozarta. Mai gyaran waya yana cikin wannan hukunci, har ma amanarsa ta fi ta maɗinki nauyi, domin riga ba ta ɗauke da hotunan iyalin mutum da saƙonninsa da lambar asusunsa.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu cire gilashi ko batir na asali su maye gurbinsa da jabu, akwai masu karɓar kuɗin kaya mai daraja ta ɗaya su sa na daraja ta uku, akwai masu leƙa abin da ba a ba su izni ba, har su kwafa. Mafi yawan masu gyara sun barranta daga wannan, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma kowane irin wannan aiki hujja ce ake miƙa wa kamfanonin da ke cewa kada a bar kowa ya taɓa waya sai su. Haka nan haƙƙin gyara na mai waya ne, ba na duk wanda waya ta faɗo hannunsa ba. Wanda aka kawo wa waya a kulle, mai kawowa bai san lambarta ba, ba shi da kwalinta ko rasiɗi, kuma yana gaggawa, bai kamata ya ce shi dai aikinsa buɗewa ba. Ko tsintuwa ce, hukuncinta cigiya har shekara guda, balle abin da aka fizge a kan babur.

Mu ma masu kai gyara muna da namu. Wani ya matsa wa mai gyara da ragi har ya kai farashin da kayan kirki ba za su samu ba, sa'annan ya dawo bayan mako biyu yana zagi. Wani ya bar wayarsa wata shida, mai gyara ya riga ya sa kuɗinsa a ciki.

Muna ganin lokaci ya yi da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa da ma'aikatar kasuwanci za su nemi masu shigo da waya su riƙa shigo da kayan gyaranta na asali tare da ita, su kuma bayyana wa mai saye idan akwai ɓangaren da ba ya canjuwa sai a wajen kamfani. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya buƙatar doka. Kowace waya tana da lamba ta musamman mai alƙalumma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Mai gyara ya rubuta ta a takarda biyu tare da sunan abin da za a canja da darajarsa da kuɗinsa, ɗaya a hannunsa ɗaya a hannun mai waya, kuma idan an gama aiki ya miƙa masa tsohon ɓangaren da ya ciro, ko da ya lalace.