Inshorar lafiya: alkawari bashi ne



A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, aka ce za a kafa asusun da zai biya wa marasa ƙarfi, har aka ambaci mutum miliyan 83. Kafin nan kuwa, tun daga 2005 an yi NHIS, amma galibin waɗanda suka ci moriyarta ma'aikatan gwamnatin tarayya ne.

To mai tura baro a Babbar Kasuwar Katsina fa? Tsohuwa mai tallar daddawa fa? Ba albashi, ba fayil. Ranar da ciwo ya kwantar da su jari ake karyawa, in ya ƙare a bi rumfa-rumfa da takardar likita ana roƙo.

Ina ganin cacar bakin da kuke yi, wannan na kare jam'iyyarsa, wancan na zagi. Ni ba ruwana da wannan. Aya ta 34 a Suratul Isra'i ta nuna za a tambayi bawa alkawarinsa, kuma ba a togace mai mulki ba. A 2001, a Abuja, aka ɗauki alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. PDP ta yi mulki, APC na yi, ba wadda ta cika.

Shugabannin kasuwa, don Allah ku je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, ku tambayo: nawa ɗan kasuwa zai biya a shekara, wane asibiti, waɗanne magunguna. Ku karɓo amsar a rubuce.