Wahalar Ganin Dama da Wahalar Dole

A ƙasar Italiya akwai wata hanya da ta ratsa kan duwatsu, ana kiranta Stelvio, wadda ƙololuwarta ta kai mita 2,757, kuma ta ɓangare guda kawai tana da kwana 48. Shekara-shekara akan ware rana ɗaya a hana mota bin ta, a bar wa masu keke. Dubban mutane ne ke taruwa, wasu ma daga ƙasashen nesa, su biya kuɗin jirgi da na masauki, ba don komai ba sai don su murza feda har numfashi ya nemi gagararsu. In sun kai sama su huta, su juyo gida suna murna.

Mu da muka tashi cikin ganuwar Zazzau, wannan labari yakan ba mu dariya da fari. Ai mun san keke. Dokin ƙarfe ne na iyayenmu, tun zamanin da mai Rali sabo fil yake da kwarjinin da mai mota yake da shi yau. Amma da hali ya samu sai muka jingine shi a zaure, muka mai da shi alamar rashi. A shekarar 2001, da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma wa keke, ba'a aka yi ta yi masa. Sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sannan da yawa cikinmu suka kakkaɓe ƙurar kekunansu, su ma ba da son rai ba.

To, tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wahalar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan tana da wata daraja, ko kuwa ƙoshi ne kawai ke ɗibar mai ita?

Akwai masu cewa wasa ne na waɗanda ciki ya cika. Hujjarsu kuwa ba ta da rauni. Duk wanda ya tsaya da sassafe a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana zai ga mutanen ƙauye na shigowa, wani da dammunan itace, wani da buhun masara a kan kariya, gumi na tsiyaya. In sun iso hawa sai su sauka su tura. Waɗannan ba su taɓa kiran abin da suke yi yawon buɗe ido ba. Sa'an nan abin da mai yawon shaƙatawa ke yabo, watau hanya shiru babu mota, shi ne fa abin da ɗan ƙauye ke kuka da shi. A Italiya doka ce ta hana mota shiga, na yini ɗaya tak. A karkararmu kuwa zaizaya da rashin gada ne suka hana ta, damina da rani. Hanyar da baƙo ya ji daɗin shirunta, ita ce wadda za a rasa motar ɗaukar mai naƙuda a kanta da tsakar dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka ba mu yarda a yi watsi da batun ɗungurungum ba. Domin kuwa tarbiyyarmu kanta ta san amfanin wahalar da aka zaɓa. Mai azumin nafila ga abinci a gabansa, amma ya kame. Almajiran da suka yi ta takowa daga nesa zuwa zaurukan malaman Zazzau, ba duka ne yunwa ta koro ba. Mutum ba ya sanin iyakar haƙurinsa sai ya gwada shi, kuma hawan dutse a kan keke malami ne da ba ya karɓar toshiya. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai. In ka yi gaggawa a gindin hawa, ƙarfi ya ƙare maka tun ba ka kai rabi ba. In ka bi a hankali, ka isa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ashe ke nan ba a kan wahalar kanta za a yanke hukunci ba, sai a kan abin da mai ita ya dawo da shi. A nan ne muke ganin mizani. Wanda ya zagaya Dutsen Kufena ta wajen Wusasa, ko ya nausa kudu har Turunku inda tarihi ya danganta da Bakwa da Sarauniya Amina, ko ma ya yi ƙuru ya tunkari tsaunukan Mambila, in ya dawo ba shi da labari sai na ƙarfin cinyarsa, lalle ya yi asarar gumi. Amma in tayarsa ta yi faci a daji, wani manomi ya ajiye fartanya ya taimake shi, ya ba shi ruwa ya sha, ya kuma dawo yana sane da cewa abin da ya ɗanɗana na yini ɗaya shi ne rayuwar wancan bawan Allah kullum, to wahalarsa ta haifi ɗa mai ido. Azumin da bai sa mutum ya tuna da mayunwaci ba, ai yunwa ce kawai.

Wannan magana ta fi shafarmu mu masu riƙe da alƙalami, musamman ƙannenmu masu tasowa. Sau nawa muke karanta labarin da aka ce a ƙauye ya faru, alhali marubucin bai taɓa ganin ƙauyen ba sai ta gilashin mota? Mota tana wuce wuri ne, keke kuwa yana ratsa shi. Mai keke dole ya yi sallama, dole ya tambayi hanya, dole ya ji ƙamshin ƙasa da karin harshen mutanen da ya tarar. Gani ya kori ji.

Sai dai fa a yi da hankali. Jarumta daban, ganganci daban. Hanyoyin karkara da dama a Jihar Kaduna sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya bincika, ya sami abokan tafiya, ya kuma nemi iznin iyaye. Wannan ma wani darasin ne: mu muna da zaɓin fasa tafiya, mazauna can kuwa ba su da shi.

Saboda haka muna ganin wahalar ganin dama bashi ce a wuyan mai ita. Hanyar biyansa ita ce ya dawo ya yi magana, ya yi rubutu, a kan gadar da babu da asibitin da ya yi nisa, har ranar da hawan keke a karkara zai zama zaɓi ga kowa, ba tilas ba. Allah Ya sa mu dace.