Zaƙi da Kamewa

'Yan'uwa cikin Kristi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, Allah ne ya yi zuma da rake, kyautarsa kuwa mai kyau ce. Amma Misalai 25:16 ta gargaɗe mu a sha zuma daidai bukata, gama yawanta yakan kawo amai.

Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, baligi kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, watau giram 50. In ya tsaya a 6 ya fi. Zuma da mazarƙwaila da alewa duka suna cikin lissafin. Kwalbar lemo guda takan kai cokali 9, ga na koko da shayi. Yawan zaƙi yakan ruɓar da haƙora, ya kawo ƙiba, ƙiba kuwa ƙofar ciwon sukari ce.

Manzo Bulus ya lasafta kamewa cikin 'ya'yan Ruhu, Galatiyawa 5:23. Zumuntar mata, ku auna sukarin kunun taro. Iyaye, ku ba yara gwaiba maimakon alewa. Jikunanmu na Ubangiji ne, mu riƙe amanarsa.