ALKAWARIN BAKI: NAUYIN BABBA DA LADABIN MAI TUNI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kowace shekara ɗalibai daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da masu yi wa ƙasa hidima, sukan shiga bankuna da ofisoshin kuɗi don koyon aiki. Idan wa'adi ya cika, wani babba yakan dafa kafaɗar yaro ya ce, "In ka gama ka neme ni, za a san abin yi." Yaro ya koma Kiyawa ko Jahun ya shaida wa iyayensa, gida ya ɗauki murna. Shekara ta zagayo, shiru. To, shin ya dace ya yi tuni? Shi kuwa babban, maganar nan ta hau kansa, ko daɗin baki ce kurum?

Game da babba, Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Aya ta 34 ta Suratul Isra'i ta yi umurni da cika alkawari, ta kuma nuna za a tambayi bawa a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa saɓa alkawari yana cikin alamomi 3 na munafuki. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne, alkawari yana zama tilas idan an rataya shi ga wani dalili, wanda aka yi wa kuma ya shiga lamarin sabili da shi. Ashe wanda ya ce wa yaro ya ajiye aikin koyarwa ya zo, yaron kuwa ya ajiye, ba shi da ikon zamewa.

Galibi bankuna daga hedkwata suke ɗaukar ma'aikata, a Legas ko Abuja, bayan jarrabawa. Abin da ke hannun manajan reshe shi ne shaida da shawara. Wajibi ne ya faɗi iyakar ikonsa tun farko, kada ya mai da "in Allah ya so" ƙofar gudu.

Game da yaro kuwa, tuni ba roƙo ba ne. Annabi Yusufu (A.S.) ya nemi abokin zamansa na kurkuku ya ambace shi wurin sarki, mutumin ya manta shekaru, kamar yadda aya ta 42 ta surarsa ta nuna. A aya ta 55 kuma shi da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, don ya san zai iya. Saboda haka yaro ya je ya gai da babba, ya tuna masa cikin ladabi, ya miƙa takardunsa, ya fara kyautata zato cewa mantuwa ce. Kada ya riƙa masa tsaraba da nufin saye, wannan rashawa ce. Kada kuma ya tare a ƙofar ofis, ko ya daina nema a wani wuri.

Akwai sharaɗi a kan su biyun. Aya ta 26 ta Suratul Ƙasas ta nuna ƙarfi da amana su ne ma'aunin ɗaukar ma'aikaci. Idan cika alkawarin zai danne wanda ya fi cancanta, sai babba ya faɗi gaskiya ya nemi gafara, yaro kuma ya haƙura. Arziki na Allah ne, mutum sanadi ne kawai.

Allah ya sa a dace, amin.