Mas'ala a kan Begen Ɗa ga Mai Ilimi, da Labarin Likita Ibnu Zuhri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, akwai muridan da ke zaton taushin zuciya ga 'ya'ya shamaki ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Har ka ga mutum ya bar gidansa wata da watanni, ba wasiƙa ba aike, yana kiran wannan zuhudu. To, ga labarin wani dattijo domin mu auna wannan zato da shi.

Shi ne Abubakar Muhammadu ɗan Zuhru, likitan Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau. Ana yi masa laƙabi da Alhafidu, ma'ana jika, domin kakansa Abul Ala'i likita ne, ubansa Abu Marwana kuma shi ne mai littafin Attaisir. Ibnu Khallikana ya ce an haife shi a shekara ta 507 ta Hijira, ya rasu a 595, daidai da 1199 ta Miladiyya. Ya yi shekara 88 ke nan. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihun Malikiyya, ya yi wa sarakunan Murabiɗuna da na Muwahhiduna magani. An ce har ya tsufa ƙarfinsa bai ragu ba, sai dai ji da ya yi masa nauyi.

Mai Nafhuɗ Ɗibi ya ruwaito cewa Sarki Yaƙubu Almansur ya riƙe shi a Marrakush, iyalinsa suna can hayin teku. Sai begen wani ƙaramin ɗansa ya kama shi, har ya yi baitoci yana kamanta yaron da ɗan tsako. Da baitocin suka kai kunnen Sarki, sai ya aiki magina Ishbiliya a asirce, suka duba gidan likita da unguwarsa, suka zo suka gina irinsu a Marrakush, aka shimfiɗa kaya irin nasa, aka ɗauko iyalinsa aka zuba ciki. Sa'an nan aka kai tsohon wurin. Ya tsaya ya ruɗe, yana zaton mafarki yake yi, sai da ya shiga ya tarar da yaron yana wasa.

Ku duba, ya 'yan'uwa. Mutum ne mai furfura, mahaddaci, na kusa da Sarki, amma bai ji kunyar a san yana kewar yaro ba. Malaman da suka rubuta tarihinsa kuma ba su lissafa wannan cikin aibobinsa ba. Yaya za su yi haka, alhali ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habisu, wanda ke da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma Aƙra'u aka yi wa gyara?

Idan ka ce: ai Alƙur'ani ya kira 'ya'ya fitina. Sai mu ce: na'am, fitina jarrabawa ce, kuma ana faɗuwa jarrabawa ta hanya biyu. Wani ya ci haram domin ɗansa. Wani kuma ya gudu ya bar ɗan ga uwa da maƙwabta, ya kira gudun nan ibada. Na biyun ya fi wuyar magani a ganina, domin shi yana zaton lafiya lau yake, mai zaton lafiya kuwa ba ya neman likita.

Kuma soyayyar Ibnu Zuhri ba ta tsaya ga baitoci ba. An haifa masa Abu Muhammadu Abdullahi a 577, yana da shekara 70, lokacin da tsaransa ke cewa sun gaji da hayaniyar yara. Sai ya zaunar da shi gabansa ya koya masa likitanci, har ya karantar da shi Kitabun Nabati na Dinawari, littafin tsirrai. Shekara 18 Allah Ya ara musu tare. 'Yar'uwarsa da 'yarta su ma sun san magani, musamman na mata, su ke shiga wurin matan gidan Sarki.

Ibnu Abi Usaibi'a ya ambata cewa wani waziri mai hassada ne ya sa masa guba a cikin ƙwai, ya ci tare da 'yar 'yar'uwar tasa, duka biyu suka rasu, magani bai amfane su ba. Allah Ya jiƙansu. Abdullahi ya gaji matsayinsa wurin Sarki Annasir, amma shekara 7 kaɗai ya yi bayan uban: ya rasu a Sala a 602, yana da shekara 25, an ce shi ma guba ce. Ya bar 'ya'ya biyu maza a Ishbiliya, ƙaramin cikinsu, Abul Ala'i Muhammadu, ya ɗauki littattafan likitanci.